Ci-ranin Zamani: Jiki a Gida, Gumi a Ƙasar Waje

 Duk wanda ke zama a majalisun matasa a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi ba zai rasa jin labarin wane da ke kwana a gaban kwamfuta yana yi wa wani kamfani na Amurka ko Ingila aiki ana biyansa da dala ba. Bai taɓa hawa jirgin sama ba, bai taɓa ganin fuskar maigidan nasa ba, amma ga shi ya sayi babur, ya gyara wa mahaifiyarsa ɗaki, har ana maganar kai masa kuɗin aure. Nan da nan sai hankalin 'yan'uwa ya tashi, kowa na tambayar ta ina ake shiga. Lallai wannan al'amari ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, domin akwai alheri a cikinsa, akwai kuma ramuka waɗanda masu tallarsa ba sa faɗa.

Da farko dai ya kamata a kira abin da sunansa. Wannan aiki jinga ce, irin wadda manomi ke bayarwa a nome masa gona, ko magini ya karɓa ya tashi katanga. Ana ba mutum aiki ƙayyadadde, fassara ce ko zanen tambari ko rubuta manhaja ko tace bayanan da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, ya gama a biya shi, kowa ya kama gabansa. Kasuwannin da ake haɗuwa su ne irin su Upwork da Fiverr. Kakannin Bahaushe sun san irin wannan nema tun da daɗewa. Fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna neman goro, 'yan ci-rani kuma har gobe suna barin ƙauye bayan girbi su dawo da faɗuwar damina. Bambancin kawai shi ne ɗan ci-ranin yau jikinsa na ɗakinsa, guminsa ne ke ƙetare teku.

Babu mai hankalin da zai ce wannan hanya ba ta da amfani. Ta fi zaman kashe wando a bakin titi, ta fi bangar siyasa, ta kuma fi bin sahara ta Agadas zuwa Libiya inda rayukan matasa da yawa suka salwanta. A watan Mayun 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kusan Naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'aikacin albashi ya wayi gari kuɗinsa sun zama kamar ruwa a kwando, shi kuwa mai karɓar dala ya tsira daga wannan guguwa. Harshen Hausa kansa ya zama haja. Tun da Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, kamfanoni ke neman masu fassara da masu naɗar murya da masu gyara rubutu. Abin da wasu 'yan boko ke rainawa, shi ne yau ke ciyar da wasu gidaje.

To amma abin tambaya a nan shi ne, me ya sa kamfanin da ke Kalifoniya zai tsallake miliyoyin mutanen ƙasarsa ya nemo matashin da ke Fagge? Ba don ƙauna ba ne. Araha yake nema. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a dokar tarayyar Amurka dala 7.25 ne, kuma ma'aikaci a can yana da haƙƙoƙin da doka ta tilasta wa maigida. Ɗan jinga na ƙetare kuwa ba shi da fansho, ba shi da garatuti, ba shi da kuɗin asibiti, ba a biyansa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. A watan Janairun 2023 mujallar Time ta bayyana cewa matasan Kenya da suka tace ƙazaman rubuce-rubuce domin gyara ChatGPT, ta hannun kamfanin Sama, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa, alhali yarjejeniyar da aka yi da kamfanin dala 12.50 ce a kan kowace awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan. Dattawa za su tuna da zamanin dalar gyaɗa. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, manomi ya yi ta noma, buhuna suka yi ta hauhawa, amma farashi a wata ƙasa ake yanke shi. A da gyaɗa da auduga ake ɗauka a arha, yau basirar matasa da lokacinsu ake ɗauka.

Na biyu, ƙofar nan a hannun wani take, kuma yana iya rufe ta ba sallama. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe wa ma'aikatan Kenya da Nijeriya da Pakistan hanyar shiga, mutanen da suka dogara da shi wajen ci da sha suka wayi gari ba aiki. Ina za su kai ƙara? Wace ƙungiyar ƙwadago ce za ta tsaya musu? Ko a lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, dillali yana yankar nasa. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, Upwork kuma tun 2025 kason da yake cirewa kan kai kashi 15, ban da kuɗin da mutum ke kashewa kafin ma a ba shi damar neman aikin. Sai kuma ladan kamfanin da zai turo kuɗin, irin su Payoneer, da ragin da ake yi wajen canji. Wanda aka ce masa dala ɗari, in ya yi lissafi da kyau, zai ga abin da ya shigo aljihunsa bai kai haka ba.

Na uku, kayan aikin duk a wuyan ɗan jinga suke. Shi zai sayi kwamfuta, shi zai sayi data, shi zai nemi wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama aikin masu hali. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma suka shiga kwanaki na wahalar sadarwa. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. Maigidan da ke Landan bai san wannan ba, ba kuma ruwansa. Abin da ya sani shi ne ranar da aka yi alkawari ta wuce, sai ya rage wa mutum taurarin yabo, su kuwa taurarin nan su ne jarin ɗan jinga a wannan kasuwa. Saboda haka wanda ya samu kuɗin farko, sola da batir ya kamata ya fara saya kafin sabuwar waya da shadda.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ba a cika kula da ita ba sai ta ci mutum. Tsakanin Kano da Kalifoniya akwai tazarar awa takwas ko tara, gwargwadon yanayin shekara. Lokacin da suke buɗe ofis, a nan ana shirin Magariba; lokacin da suke tashi, a nan ƙarfe ɗaya ko biyun dare ne. Matashin da ya ɗaure kansa da irin wannan agogo zai kwanta gab da Asuba ya tashi da Azahar. Sannu a hankali sai a daina ganinsa a sahu, a daina ganinsa a makarantar dare, a daina ganinsa wajen jana'iza da gaishe da mara lafiya. Yana cikin unguwa amma ya fi wanda ya tafi Ikko nisa. Tun wajen ƙulla yarjejeniya ake gyara wannan, mutum ya faɗi sa'o'in da yake samuwa da waɗanda ba ya samuwa, har da ranar Juma'a. Yawancin masu ba da aiki abin da ya dame su shi ne aiki ya fito da kyau a kan lokaci.

Sai babban rami, wato ha'inci. Saboda wasu ayyukan an keɓe su ga mazauna Amurka ko Turai, sai aka samu masu hayar akawun ɗin wani da ke can, suna amfani da manhajar ɓoye wuri da ake kira VPN, mutum yana Sabon Gari yana cewa yana Teksas, da suna da hoton da ba nasa ba. Wasu kan ce ai dabara ce, tunda su ma Turawan zaluntar mutane suke yi. Wannan hujja ba ta tsayuwa. Zaluncin wani ba ya halatta wa mutum ƙarya, kuma kuɗin da aka karɓa bisa sharaɗin da aka san an karya ba su da tsarki. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka gano, akawun da kuɗin da ke ciki duk sun tafi, in kuma mai akawun ɗin ne ya cinye, ba inda za a kai kuka. Hukumomin can ma ba wasa suke da abin ba. A watan Yulin 2025 wata kotun Amurka ta ɗaure wata mata 'yar Arizona shekara takwas da rabi saboda ta ajiye kwamfutoci a gidanta domin ma'aikatan Koriya ta Arewa su riƙa nuna kamar a Amurka suke. Kowane ha'inci ɗaya kuma yana ƙara rufe ƙofa ga dubun masu gaskiya da ke riƙe da fasfo iri ɗaya.

Haka nan a yi hattara da tallar aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka wanda ba a fayyace ko mene ne ba. A watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu har da 'yan Sin 148, bisa zargin damfara ta intanet, kuma akasarin waɗanda aka kama matasan ƙasa ne da aka ɗauka aiki. A farkon 2025 kuma aka fito da dubban mutane, har da 'yan Afirka, daga sansanonin damfara na yankin Miyawadi a ƙasar Bama, waɗanda aka yaudara da alkawarin aiki a Tailan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk aikin da za a ce mutum ya yi hira da baƙo da sunan mace, ko ya karɓi kuɗi a asusunsa ya tura wani wuri, wal'iyazu billahi, to ya gudu tun da sauran ƙafa.

Su kuwa masu burin ɗaukar kwamfuta su koma wata ƙasa da zama, su sani bizar yawon buɗe ido ko ta karatu ko ta Umara kowace da sharuɗɗanta, kuma a ƙasashe da yawa ba ta ba da izinin aiki. Gaskiya ne an ƙirƙiro biza ta musamman ga masu aiki daga nesa: Istoniya da Dubai sun fara a 2020, Fotugal a 2022, Sifen a 2023. Sai dai an gina su ne domin masu kauri. Fotugal, alal misali, tana neman mutum ya nuna yana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar duk wata. Ga kuma haraji: a ƙasashe da dama wanda ya yi kwana 183 a shekara ya shiga lissafin masu biya. A gida ma sabuwar dokar harajin Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, ta haɗa da abin da mazaunin ƙasa ya samo daga waje, ko da yake Naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai. Wanda bai ajiye lissafi ba, wata rana zai sha mamaki.

Abin da ya kamaci ɗan'uwa mai son shiga wannan nema a fili yake. Ya koyi sana'a ta gaske wadda ba kowa ke iyawa ba, domin ƙananan ayyukan danna-danna su ne na farko da na'ura ke ƙwacewa. Ya rubuta yarjejeniya kafin ya taɓa aiki: mene ne za a yi, nawa ne lada, yaushe za a biya, gyara sau nawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malam. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma babin ciniki na Risala ya yi bayanin ijara da ji'ala, inda sanin lada tun farko yake sharaɗi. Kada ya dogara da maigida ɗaya ko dandali ɗaya. Ya ɗauki watan samu a matsayin kaka, ya cika rumbu saboda bazara. Ya duba abin da ake sa shi yi, kada ya zana tallar caca ko giya don an ce dala ce. In kuma Allah Ya buɗa masa, ya jawo ƙannensa ya koya musu, su haɗa kai su san farashin juna, domin ɗan jingar da ke shi kaɗai shi ake yi wa tayin wulaƙanci.

Ɗan ci-rani na ƙwarai ana gane shi ne ranar da ya dawo: me ya kawo, kuma da wane hali ya dawo? Allah Ya ba matasa halaliya mai albarka, Ya tsare su daga cin haram da zaluncin azzalumai.