Zaurenmu Ma Makaranta Ne

Ran nan na ce wa jikana ya miƙo min buta, sai ya tsaya yana kallona har uwarsa ta ce masa "ibrik". Abin ya tsaya min a rai. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rufe makarantu, ya bar samarinmu da shayi da latsa waya, Hausar ma tana zubewa.

Ku tuna, nan Rufa'a Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, a gidansa, da 'ya'yansa da na maƙwabta. To mu ma zaurenmu ya isa.

Ga abin da na gwada. Bayan la'asar, allo. Daren Alhamis babban yaro ya karanta wa ƙanana Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sannan tsoho ya ba su labarin yaƙin Burmi na 1903 da yadda Mai Wurno ya zauna kusa da Sinnar. Ran Asabar gayya, wadda Larabawa ke ce wa nafir: a gyara wa marayu katanga, a ci tuwo tare.

Kai da ke fatauci a Gadarif, aiko mana da littafi ko guda ɗaya ne. Allah ya raya mana su.