Wa Zai Kai Almajiri Asibiti?

'Yan uwana mata, yau da ku nake, kuma ba zan yi kara ba. Akwai yaron nan da ke zuwa gidanki kullum da safe, ya yi shara, ya wanke kwanuka, ya ɗebo ruwa, ki ba shi ɗumame. To ranar da bai zo ba me kike cewa? "Ɗan banzan nan ya gudu." Kin taɓa aikawa a dubo ko lafiya? Wataƙila yana can kwance a rumfar kasuwa zazzaɓi na kaɗa shi.

Asibitin sha-ka-tafi yana nan a unguwa, amma ba ya fita neman kowa. Sai an yanki kati, a bi layi, a sayi magani, in kuma an ba da gado sai da mai jinya. Yaro ƙarami, ba uwa ba uba a garin, wa zai tsaya masa? Shi ya sa ƙazuwa ke cinye masa hannu, gyambo ya ruɓe, ƙarshenta sai ƙwaya biyu a kemis.

Hukuma ma da laifinta. Tun 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiyar talaka. Amma yaushe aka tuna da almajirai? Sai 2020 da korona ta zo, aka loda su a motoci aka mayar da su jihohinsu. Haba jama'a!

Na san za ki ce, "Ai ba ni na haife shi ba." Gaskiya ne, iyayensa za su amsa nasu a gaban Allah. Amma guminsa a gidanki ya zuba. Kuma cuta ba ta san katanga ba. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, ba ta kan 'ya'yan wasu kaɗai ya bi ba. Hannun da ke wanke kwanon ɗanki, lafiyarsa lafiyar ɗanki ce.

Don Allah in ya kwanta, ki yi wa maigida magana a kai shi. Gwajin maleriya ɗigon jini ne kawai. In tari ya wuce mako biyu, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Kuɗin kati bai kai na ankon biki ɗaya ba.

Allah Ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu, amin.