Mai na wucewa, kayanmu na tsaye a bakin gada

Jama'ar Malanville, 'yan kasuwa, direbobi, 'yan dako, manoman albasa da shinkafa.

Ana ce muku siyasar ƙasashen waje maganar manyan Kwatano ce, ba ruwan talaka. To ku dubi gadar da ta haɗa mu da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, gwamnatin Patrice Talon ta rufe iyaka, har ta goyi bayan shirin tura soja. Wa ya tambaye ku? Manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka lalace, kasuwarmu da ke cikin manyan kasuwannin ƙasar nan ta koma cin rabi.

A watan Fabrairun 2024 CEDEAO ta janye takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata. Gwamnati na fakewa da wannan, tana cewa laifin Yamai ne. Amma wanda ya yi wa maƙwabcinsa barazanar yaƙi, ba rana ɗaya zai dawo da yarda ba. Kayan Nijar da ke sauka a Kwatano sun koma tashar Lome, suna bi ta Burkina Faso. Togo ta san yadda za ta zauna da kowa, ta kwashe cinikinmu.

Ga abin takaici. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme. A watan Mayun 2024 gwamnatinmu ta hana loda man Nijar a jirgi. Sin ta sa baki, cikin 'yan kwanaki aka loda. Ashe in ana so ana iya sasantawa! An samar wa mai hanya domin mai shi yana da ƙarfi. Buhun masararka da albasarka kuwa sai kwale-kwale, da kuɗin fito ninki, da haɗarin ruwa. Sai da tsofaffin shugabanni Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka taka har Yamai a watan Yunin 2024 don neman sulhun da ya rataya a wuyan masu mulki.

Duniya ta canja. Masar da Habasha sun shiga ƙungiyar BRICS a 2024, tare da Sin, Indiya, Brazil, Rasha da Afirka ta Kudu. Yau ƙaramar ƙasa tana da inda za ta taya farashi, ba Faransa kaɗai ba. Mu ba mu ce a bar wani ubangida a kama wani ba. Mun ce kowace yarjejeniya, da Faransa ko da Sin, a auna ta da abin da ta kawo wa mutanen bakin iyaka.

Ga abin da muke tsayawa a kai: tattaunawa kai tsaye da Yamai har a buɗe gada, kada a sake rufe iyaka ba tare da muhawara a majalisar dokoki ba, a ware wa garuruwan da bututun ya ratsa kaso bayyananne na kuɗin wucewar mai, a sa wakilan 'yan kasuwa da direbobi cikin kowane zaman sulhu.

Mutanen Gaya surukanmu ne, abokan cinikinmu ne, kogi ne kawai a tsakani. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku tuna kwanakin da gada ta yi a rufe, ku zaɓi 'yan adawa.