Kafin a sayi man fuska, a fara sanin irin fatar da za a shafa wa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kasuwar man shafawa ta buɗe ke nan. Duk wanda ya ratsa kasuwar Arzèkè a Parakou, ko babbar kasuwar Djougou, zai ga kwalaye da robobi jibge a kan tebura, kusan kowanne da hoton mace fara sol tana murmushi. Mai saye za ta ce: "A ba ni mai kyau." Mai sayarwa kuma ya miƙo wanda ya fi tafiya. Ba wanda ya tambayi wani ko wace irin fata ce za a shafa wa. A ganina, daga nan matsalarmu ta faro a Zongo.

Aikin man fuska na yau da kullum guda ɗaya ne: ya riƙe wa fata danshinta, kada iska da ƙura da sabulu su busar da ita. Shi ke nan. Man da ya yi alkawarin canza launi cikin mako biyu ya tashi daga man shafawa, ya koma magani, kuma galibi maganin da bai kamata a shafa ba sai da umarnin likita.

To, yaya mutum zai san irin fatarsa? Ba sai an kashe ko dala ba. A wanke fuska da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a goge, a zauna kamar awa ɗaya ba a shafa komai ba. In fuskar ta ɗaure, ta yi furu-furu, busasshiyar fata ce. In ta fara ƙyalli ko'ina, mai maiƙo ce. In goshi da hanci da haɓa ne kawai ke ƙyalli, kumatu kuwa a bushe, to haɗaɗɗiya ce, kuma irin wannan tana da yawa. In abu kaɗan ke sa ta ƙaiƙayi ko zafi ko ƙananan ƙuraje, mai saurin kamuwa ce, sai an lallaɓa ta.

Mai busasshiyar fata tana bukatar mai mai kauri. Nan kam Allah ya rufa mana asiri, don ƙasar kaɗanya muke zaune. Matan ƙauyukan Borgou da Donga su ke tsintar 'ya'yan kaɗe, su dafa, su shanya, su daka, su fitar da man da kamfanonin Turai ke saye suna zubawa a kayansu, su maido mana da tsada. Ɗan ƙanƙanen man kaɗanya mai tsabta, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa tun fuska na da sauran danshi, ya wadatar. Basilin ma yana yin wannan aikin, domin yana toshe wa danshi hanyar fita. Giliserin kuwa jawo ruwa yake yi zuwa fata, shi ya sa ya fi amfani in an haɗa shi da mai.

Amma kada son kayan gida ya rufe mana ido. Mai fuska mai maiƙo, musamman 'yan mata da samari masu fama da ƙurajen balaga, in suka lafta man kaɗanya ko basilin a zafin Maris da Afrilu, fuskar za ta yi nauyi, ga gumi ga ƙura. Su mai mara nauyi ya dace da su, wanda fata ke shanyewa nan take. Da yake kayan da ke shigo mana da Faransanci ake rubuta yawancinsu, a nemi inda aka sa "non comédogène", wato ba ya toshe ƙofofin fata. Mai haɗaɗɗiyar fata ta shafa a kumatu, ta rage a goshi da hanci. Mai saurin kamuwa ta nemi "sans parfum", don turare na cikin abubuwan da suka fi tayar wa fata hankali. Sabon mai kuma kowane iri ne, a gwada shi a bayan kunne kwana biyu kafin ya hau fuska. A kuma tuna cewa man da ya yi daidai a hunturu ba lalle ne ya yi daidai a bazara ko damina ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman mu Musulmi. Muna alwala sau biyar a rana, mai wanke fuska sau uku-uku zai iya kai sau goma sha biyar. Ruwan da ke bushewa a fuska cikin iskar hunturu yana tafiya da danshin fata. Don haka lokacin shafa mai shi ne bayan alwala, kaɗan-kaɗan. Malamai sun bambanta tsakanin man da fata ta shanye, wanda ba ya hana ruwa taɓa ta, da abin da ya yi kauri ya zama shamaki, wanda sai an gusar da shi alwala ta inganta. Mai shafa daidai gwargwado ya huta da wannan waswasin.

Yanzu bari mu zo kan abin da ake kauce wa faɗa. Da yawa cikin abin da ake sayarwa da sunan man fuska, man bilicin ne. Ana ɓoye shi a bayan kalmomi masu daɗi irin su "éclaircissant" da "teint clair". A juya kwalin a karanta ƙananan rubutun. In an ga hydroquinone, ko clobétasol, ko bétaméthasone, ko mercure, a ajiye shi. Clobétasol da bétaméthasone magunguna ne masu ƙarfi da likitan fata ke bayarwa na 'yan kwanaki don wata cuta. In aka mai da su man kullum, fata tana yin siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsaga jiki, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Suna kuma ratsa fata su shiga jini, su iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Hydroquinone, in an daɗe ana shafa shi a wannan rana tamu, yakan bar baƙin tabo a saman kumatu wanda ke da wuyar magani. Wato a je neman haske a dawo da duhun da ya fi na da. Shi kuwa mercure ƙoda yake lalatawa da jijiyoyi, kuma yana kaiwa ga ɗan da ke ciki. Mafi haɗari duka shi ne "haɗi", wanda ake kwaɓawa a gida a zuba a roba ba suna ba kwanan wata.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani bayani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya da kashi 59 na matan Togo suna amfani da kayan hasken fata. Mu kuwa muna tsakiyar ƙasashen nan biyu, kaya na shigo mana ta gabas da yamma. Côte d'Ivoire ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu hydroquinone a 2016. Amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Abin da ke shiga shi ne maganar uwa da ta ƙawa da ta miji.

Na san amsar da wasu za su bayar: "Jikina ne, kuɗina ne." Gaskiya ne, kuma ba wanda ya hana mace gyara. Addininmu ma yana son tsafta da ado. Sai dai zaɓi yana zama zaɓi ne in an san abin da aka zaɓa. A matsayina na mai koyarwa, ina ganin yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha huɗu da fuska ta fi wuya haske, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Wannan yarinyar ba ta zaɓi komai ba. Robar yayarta ta tarar a ɗaki, ko kuma wata ce ta ce mata baƙar mace ba ta kasuwa.

Maza kuma kada su noƙe. Wane ne ke cewa a nemo masa "fara"? Wane ne ke biyan kuɗin mayukan da ake cika akwatin lefe da su ba tare da ya karanta ko ɗaya ba? Alƙur'ani, a aya ta 22 ta Suratur Rum, ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Bai dace mu karanta wannan a masallaci, mu koma gida mu raina 'ya'yanmu mata saboda launinsu ba.

Shawarata ga iyayenmu mata da 'yan'uwa ita ce, a san fata tukuna, a karanta kwali, wanda bai iya ba ya ba ɗan makaranta ya karanta masa. Ga amfanin lakwal nan har cikin gida. Mai tabon ƙuraje ta sani rana ce ke ƙara masa duhu, don haka man kare rana mai lamba SPF 30 da inuwa da haƙuri sun fi lemon tsami da ake gogawa yana ƙona fata. Wadda kuma ta daɗe a kan man bilicin, kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata kan yi bore in an tsayar da irin waɗancan magunguna kwatsam. Ta je ta ga likita. Akwai sashen cututtukan fata a babban asibitin Parakou, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa masa gaskiyar abin da ake shafawa. A tafi masa da robar ma ya gani.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gode wa halittar da ya yi mana.