Zaɓin Mai Sayar Da Littattafai

'Yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, muna so mu kawo ta gabanku da gaban malamanmu. Ga mu nan ana shirya mu don mu tafi mu koya wa yara karatu, amma in aka bincika akwatunanmu, ban da littattafan jarrabawa, da wuya a sami guda biyu waɗanda muka saya don sha'awa. To, wanda bai taɓa lasar zuma ba, yaya zai yi ya kwatanta wa yaro zaƙinta?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san mai sayar da littattafai, wanda kan shimfiɗa kayansa bakin masallaci ran Jumma'a, ko gefen kasuwa ran da take ci. Kayansa kashi uku ne. Akwai su Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya da Ishiriniya, waɗanda muka fara sani tun muna makarantar allo. Akwai na makarantar boko, waɗanda iyaye ke saye tilas. Sa'an nan akwai na hira, su ne yakan tura can gefe. Wani dattijo daga cikin masu wannan sana'a, wanda ya yi furfura yana bin kasuwannin nan, mun roƙe shi ya faɗa mana waɗanda shi kansa ya fi so, ko da ba su ne suka fi kawo masa kuɗi ba. Abin da ya zaɓa shi muke so mu yi magana a kai, don mun ga zaɓinsa ya dace da bukatarmu ƙwarai.

Ya fara da tsofaffin nan na Zariya. Cikin shekarar 1933 Dakta Rupert East na Ofishin Fassara ya sa gasar rubuta labari da Hausa, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayansu Jiki Magayi ya fito, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ku duba fa ku ga ko su wane ne waɗannan mutane. An haifi Imam cikin 1911, Tafawa Ɓalewa cikin 1912, dukansu biyu kuwa Kwalejin Katsina suka yi, suka fita suna koyarwa a Midil. Watau sa'ad da suka rubuta littattafan nan sa'o'inmu ne, aikinsu kuma shi ne wanda muke koyo yau. Ba su jira sai sun tsufa ba, ba su kuwa ce aikin aji ya hana su ba.

Daga cikinsu duka dattijon nan Shaihu Umar ya sa gaba, mu ma kuwa mun bi bayansa. Labarin yaro ne wanda aka sace yana ƙarami, aka yi ta wucewa da shi hannu da hannu har ya ƙetare hamada, mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ta sha wahalar da ba ta faɗuwa. Iyayenmu da suka karanta shi a makaranta sun ɗauke shi labarin zamanin bauta, abin da ya wuce ba shi komowa. Mu kuwa da muka tashi cikin shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi Zamfara, ba mai bukatar a fassara mana abin da ke zuciyar wannan uwa. Yaron da aka ɗauke wansa, ko ya baro ƙauyensu da gudu, in ya ji an karanta wannan littafi a aji, zai san wasu sun riga shi shiga irin wannan hali, kuma sun fita da mutuncinsu. Jiki Magayi kuma yana nuna yadda mai neman ramuwa ya kai ga cutar da yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko akwai ƙasar da ta fi tamu bukatar jin wannan gargaɗi yau?

Amma inda zaɓin dattijon ya fi ba mu mamaki shi ne wajen littattafan da mutum ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, waɗanda ya ce su ne suka fi daɗewa kan tabarma ba mai taya su. Ya ambaci Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma. Ya ambaci labarin Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Kano wadda ba ta yi boko ba, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, cikin 1949 da 1950, ta faɗa mata abin da ta gani tun kafin zuwan Turawa: aure da kishi, da ƙawance, da yadda mahara kan kama mutane a tara dukiya a fanso su. An buga shi da Turanci cikin 1954, daga baya aka fito da shi da Hausa. Da ba a rubuta shi ba, da duk wannan ya bi ta kabari.

Sa'an nan ya ambaci na gida, watau tarihin rayuwar Shaihu Abubakar Mahmud Gummi, wanda Isma'ila Tsiga ya taimake shi rubutawa, ya fito cikin 1992, shekarar da ya rasu. Mun sani mutane sun sha bamban game da ra'ayoyinsa, ba kuma wannan muke magana a kai ba. Abin da ya shafe mu shi ne hanyar da ya bi. Ɗan alƙali ne, an haife shi Gummi, ya fara karatu gaban mahaifinsa, ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Makarantar Shari'a ta Kano, ya ƙaro ilmi Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa cikin 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa. Wanda ya haɗa allo da boko kamarmu, in yana so ya ga daɗi da wuyar riƙon biyun tare, ga wanda ya riga shi. Da na gaba ake ganin zurfin ruwa.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce labaran hira ƙarya ce, ɓata lokaci ne. To, ai mai labarin bai ce a rantse da shi ba. Misali ya buga, misali kuwa tun a zaure malamanmu da shi suke koya mana fiƙihu. Wani zai ce ai yanzu kome yana cikin waya. Gaskiya ne akwai karatu mai yawa cikinta, amma a ƙauyen da za a tura mu, inda ba wuta, inda sau da yawa ba a samun layi, littafi guda na takarda yana iya zagaya aji duka har ya yage. Wani kuma zai ce littattafan soyayya na Kano sun ɓata sana'ar. A nan ma dattijon bai yi musu kuɗin goro ba. Ya yaba So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito cikin 1980, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Mata da yawa a gidajenmu, waɗanda aka cire daga makaranta da wuri, da irin waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai gudu ba. Aikin malami ya karanta ya tace, ya san wanda zai miƙa wa yaro da wanda zai ajiye.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya taɓa zukatanmu. Cikin dukan abin da aka lissafa, guda ɗaya tak ya fito daga bakin mutumin yankinmu. Anka gari ne na Sarkin Zamfara, gadon tsohuwar daula, amma littafin tarihin Zamfara da masana suka fi ambata wani Bajamushe ne, Kurt Krieger, ya wallafa shi cikin 1959, da Jamusanci, harshen da ba mu ji. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, saboda niƙan duwatsun zinariya cikin gidaje. Likitoci sun rubuta rahotanninsu da Turanci, sun ƙidaya matattu, sun auna jini. Amma abin da uwayen yaran nan suka gani, da yadda gari ya kwana ya tashi, yana nan cikin ƙirjinsu. Ga tsofaffi suna ta ƙarewa, ga ƙauyuka sun watse, kowa ya kama gabansa. In ba mu da muka iya ajami da boko muka rubuta ba, wa zai rubuta?

Saboda haka ga shawararmu. Kowane ɗayanmu ya daure ya sayi littafin hira ko na tarihin rayuwa guda ɗaya kowane zango, ko da zai rage wani abin marmari, mu riƙa musaya tsakaninmu. In mu talatin ne a aji, kowa ya sami talatin ke nan da kuɗin guda. Muna roƙon malamanmu su ba mu sa'a guda cikin mako ta karatu a bayyane, don mu koyi yadda ake karanta wa yara labari su natsu. In an yi hutu kuma, kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a garinsu, ya nemi izini, ya zauna da ladabi ya rubuta abin da suka faɗa da irin Hausarsu, kada ya gyara musu ita zuwa ta Kano. Abin da aka samu a kawo wa wannan mujalla. In mun bi ta wurin mai littattafai kuwa, mu tsaya mu gaishe shi, mu tambaye shi, mu saya, don sana'ar da ba ciniki ba ta daɗewa, ran da ya naɗe tabarmarsa kuwa garin ne ya yi hasara.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, amin.