ZANCEN SANA'A: Injin Gurza Mai Arha, Iskarsa Mai Tsada

A wannan wata zancenmu ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin inji da ya cika shaguna a Magazin ta Suwame nan Kumasi, da Abose Okai can Ankara. Masu sana'a su kan ce masa dai-giranda, watau injin gurza na hannu mai aiki da iska. Kaurinsa kamar ƙotar fartanya, tsawonsa bai fi taƙi guda ba. A bakinsa a ke ɗaura ɗan dutse ko ɗan haƙorin ƙarfe mai tsinke milimita 6, ya yi ta juyi wajen sau 25,000 a minti guda. Da shi mai walda ke share aikinsa a lungun da babban dutse ba ya shiga, da shi kuma makanike ke faɗaɗa rami a jikin ƙarfe.

Dalilin kawo zancen shi ne, in yaro ya gama koyon aiki maigidansa ya yaye shi, uba ko kawu ne ke saya masa kayan aiki. Sai dattijo ya ga injin nan da arha, ya haɗa masa da ƙaramar kwamfuresa, watau tukunyar iska irin ta masu fenti. Kafin mako ya zagayo yaro ya dawo ya ce, "Baba, injin nan ba shi da kirki, da na danna shi a ƙarfe sai ya tsaya." A koma wurin mai shago, a yi ta ja-in-ja, wani lokaci har zumunci ya ɓaci. Alhali kuwa sau da yawa lafiyar injin lau. Yunwa ce ta kama shi. An sayi doki, ba a yi lissafin harawa ba.

To, ga lissafin. A jikin kwali za ku ga an rubuta 90 psi, watau bar 6 da ɗoriya, shi ne ƙarfin iskar da ya ke so. Wannan ba wuya, kowace kwamfuresa ta kan kai shi. Sa'an nan za ku ga 4 CFM, watau kamar lita 113 na iska a minti guda. Nan ne tarkon ya ke. Masu ƙira da yawa su kan yi wannan ƙidaya a kan cewa mutum zai matsa injin daƙiƙa 15 kaɗai a cikin kowane minti. Mai kwance noti ya kan yi haka, amma mai gurza ba ya saki sai ya gama. Saboda haka ku riɓa lambar sau huɗu, ta zama kamar lita 450. Mai arha ma ya kan fi haka ci, domin cikinsa bai kama sosai ba, iska na zurarewa a banza.

Yanzu ku dubi ƙaramar kwamfuresa mai ƙarfin doki 2 da tanki lita 50. An rubuta mata wajen lita 200 a minti, amma wannan iskar da ta ke shaƙa ce. Wadda ta ke fitarwa ba ta wuce kamar 130 ba. Inji na neman 450, ana ba shi 130, saura 320 sai daga tanki. Tankin kuwa, daga bar 8 ya sauko bar 6, lita 100 kaɗai ya ajiye maka. Watau kafin daƙiƙa 20 an cinye ajiya, sai yaro ya tsaya wajen daƙiƙa 45 yana jira ta cika. In ya ƙi jira, motar kwamfuresa ta yi ta aiki ba hutu, ta yi zafi, wata rana ta ƙone.

Nan na ke so alhazanmu masu shigo da kaya daga Sin da Dubai su saurara. Mai saye ya kan zo yana tambayar girman tanki, ku ma da shi ku ke ciniki, ana cewa "mai 50" ko "mai 100". Tanki randa ce kurum, famfo shi ne rijiya. Babbar randa a bakin rijiyar da ba ta kawo ruwa, ƙarshenta ta ƙafe. Abin tambaya shi ne lita nawa famfon ke fitarwa a minti a bar 6. Masu gaskiya su kan rubuta shi da haruffan FAD. In ba a rubuta ba, ku ɗauki kamar lita 100 a kowane ƙarfin doki ɗaya, in dokin na gaskiya ne. Wanda ya gaya wa mai saye haka, ko ya rasa cinikin yau, ba a dawo masa da kaya gobe.

Shawarata ga dattawa ta kasu bisa aikin yaro. In gurzar tasa ta jefi-jefi ce, ya taɓa nan ya ajiye, kwamfuresa mai bel, mai ƙarfin doki 3 da tanki lita 100, ta ishe shi. Ita ce kusan iyakar abin da soket ɗinmu na amfiya 13 ke ɗauka. In kuwa wuni zai yi yana gurza, sai mai doki 5 ko fiye, ita kuma sai an ja mata nata layin, galibi wuta mai layi uku. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi babba guda ya fi kowa ya sayi ƙaramarsa. Amma fa in don wannan inji kaɗai za a sayi kwamfuresa, ni a ganina a bar ta. Akwai irinsa na lantarki mai wat 400, juyinsu ɗaya, ba ya jiran tanki, bai kai rabin cin wutarta ba. Ya fi nauyi a hannu dai, kuma ya kan yi zafi in an daɗe.

Waɗansu 'ya'yansu na Amurka ke aiko musu da kwamfuresa a kwantena. Allah ya yi musu albarka, amma a gaya musu wutar gida a can bolt 120 ce, tamu 230. Ko an sa mata taransifoma, motar da aka ƙera don bugun wuta 60 in ta zo kan 50 namu, juyinta na raguwa kashi ɗaya cikin shida, iskarta ma haka. Shi ɗan injin gurzan kuwa a aiko da shi, iska ba ta da ƙasa, sai dai a sake masa mahaɗin tiyo.

Tiyon ma a lura da shi. Siririn nan mai naɗi kamar igiyar tarho yana shaƙe iska. A nemi mai faɗin rami milimita 10, kada kuma ya yi tsawo ainun. Kullum kafin aiki a ɗiga man injin iska, ɗigo biyu ko uku, a inda tiyo ke shiga. Kullum in an tashi a kwance bawul ɗin ƙarƙashin tanki ruwa ya zube, balle da damina a nan Asante, domin ruwan nan ke cin tanki daga ciki, tsohon tanki mai tsatsa kuwa ya kan fashe, kuma ba a yi masa facin walda.

Abu guda da na ke roƙo kowane uba ya faɗa wa ɗansa da bakinsa: kowane dutse an rubuta iyakar juyinsa a jikinsa ko a kwalinsa. Faifan yanka mai milimita 115 iyakarsa 13,300 ne. Wanda ya yi dabara ya ɗaura shi a injin da ke juyi 25,000, faifan zai tarwatse masa a fuska. Haƙorin ƙarfen kuma ɓarɓashinsa kamar allura ya ke tashi. In za a biya kuɗin inji, a haɗa da tabarau na aiki a ciniki guda, na yaro da na yaronsa mai riƙe masa ƙarfe.