TALHO TA HANYAR INTANET: A DUBA KAFIN A SAYA



Kwanan baya na ziyarci wani alhaji a Maraɗi mai mangaza uku: ɗaya a nan, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai, ga kuma wakili a Kwatano mai fiddo masa kaya daga tashar jirgin ruwa. Ya nuna mini sabon talho bisa teburinsa, ya ce: "Malam, lamba uku kawai nake dannawa, yarona na Yamai ya ɗauka, ko dala ban biya ba." Na yi masa barka. Muna cikin hira wuta ta ɗauke, talhon ya mutu tare da fanka.

To, mine ne wannan talho? Turawa na ce masa VoIP. Maimakon murya ta bi wayar tagulla tata ita kaɗai, sai na'ura ta mayar da ita lambobi, ta yanyanka su ƙunshi-ƙunshi, su bi igiyar da ke haɗa kwamfutocin ma'aikata, a can a sake jera su su koma magana. Wani kamfanin Isra'ila, VocalTec, shi ya fara fiddo irinsa kasuwa a 1995. A 1999 aka fitar da ƙa'idar SIP, wadda yawancin waɗannan na'urori ke gaisawa da ita, kuma a shekarar ce Ba'amurke Mark Spencer ya soma Asterisk, manhaja ta kyauta mai mayar da kwamfuta ɗaya cibiyar talho ta ma'aikata sukutum.

Amfaninsa a fili yake. Kira tsakanin rassa ba ya cin kuɗi bayan na intanet. Igiya ɗaya ta ishi talho da kwamfuta. Ma'aikacin da aka sauya wa biro sai ya tafi da lambarsa. Duniya ma can ta nufa: a Faransa kamfanin Orange ya daina saida sabbin layuka irin na da tun 2018.

Amma araha ba ta ado. Tsohon layi yana samun wutarsa ne daga cibiyar kamfanin waya, shi ya sa yake aiki ko gari ya yi duhu. Sabon kuwa da wutar gidanka yake rayuwa. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take saida wa ƙasarmu. Ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, intanet ya gurgunce a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Mu da ba mu da teku, hanyarmu ta gidan maƙwabta take bi.

Sai batun ingancin murya. Wasiƙa in ta yi jinkirin sakan biyu ba wanda zai sani, magana kuwa ba ta jira. Hukumar sadarwa ta duniya ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce kashi 150 cikin 1000 na sakan. In ya zarce da yawa, ciniki ya koma na kurame. Kowane kira na bukatar abin da bai kai kilobit 100 ba a sakan, amma in magatakarda na saukar da fim, muryar darakta ce za ta tsinke, sai fa in an saita na'ura ta riƙa gabatar da murya.

Na uku, ɓarayi. Wanda ya bar kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta ya bar mangaza a buɗe: cikin dare wasu za su shiga daga nesa su yi ta kiran ƙasashen waje, shi ya biya.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, ya kai shugaban ma'aikata mai sa hannu bisa kuɗin talakawa, kafin ka saya ka tambayi mai saidawa abu uku: awa nawa batir zai riƙe in wuta ta ɗauke? Ina kira zai bi in intanet ya yanke? Wa ke riƙe da kalmar sirri? Ka haɗa kuɗin batir ko faifan hasken rana cikin lissafi, sa'an nan ka ƙirga riba. Kuma ka ajiye layi guda na daban, domin ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.